Tarkacen soso a Kaduna: a niƙa a sake haɗewa, ko a dafa da sinadari?

Bayan kowace rumfar masu kujeru a Panteka akwai tulin guntayen soso. Mai kushin ya auna, ya yanka abin da zai shiga hannun kujera da makarinta, gefe-gefen da suka rage ya tura su baya da ƙafa. Ga tsofaffin katifu da ake fitarwa daga gidaje duk lokacin da aka sauya kayan ɗaki. Ga kuma busasshen soson firji mai ruwan ɗorawa da 'yan gwangwan ke ɓamɓarewa su watsar bayan sun cire ƙarfe da jar waya. Wani sashe na wannan kaya yana samun mai saye, sauran kuwa yana ƙarewa a bola ko a kwata, ko a cinna masa wuta da dare. Matasan da suka ga yadda sana'ar tara leda da robar ruwa ta ɗaga wasu suna tambaya ko soso ma zai yi haka, kuma wace hanya ce ta fi dacewa da mai ɗan jari. Amsar tana buƙatar a fara sanin yadda aka yi soson tun farko, domin daga nan ne za a gane abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba.

Masana sinadarai suna kiran wannan roba foliyuretan. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka fara haɗa ta a garin Leverkusen na Jamus a 1937. Ruwa iri biyu ake gaurayawa. Na farko foliyol ne, mai kauri da yauƙi. Na biyu aisosayanet, wanda yake da manyan nau'i biyu a kasuwa: TDI, da ake yin soson katifa da na kujera da shi, da MDI, da ake yin soso mai tauri na firji da kuma gam. Idan suka haɗu sai ƙwayoyinsu su ƙulle da juna su zama doguwar sarƙa. Abin da ke sa kumburi kuwa ruwa ne na yau da kullum, ɗan kaɗan da ake zubawa a cikin haɗin. Yana haɗuwa da aisosayanet sai iskar kabon dayoksaid ta tashi, haɗin ya kumbura ya cika akwatin cikin 'yan mintuna. Ana ƙara silikon don ƙananan ramukan su fito daidai da juna, da sinadaran hanzartawa na amin da na kuza. Haɗin yana fitar da zafi da kansa, har tsakiyar babban bulo yakan haura digiri 140, shi ya sa masana'antu ke jera sabbin bulo a fili su kwana kafin a sa musu wuƙa. Bulon da aka yi wa ruwa fiye da kima yana iya kamawa da wuta daga cikinsa.

Abin da ya shafi mai son sana'a a nan shi ne cewa sarƙoƙin soso sun sarƙe da juna ta kowace fuska. Ledar ruwa kamar kitse take, ta narke a wuta ta daskare a sanyi, a sake narkar da ita gobe. Soso kuwa ƙosai ne, in ya soyu ya soyu, ba ya komawa ƙullu. Wanda ya zuba shi a injin narka leda ba zai samu komai ba sai baƙin gawayi da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Saboda haka hanya biyu ce ta gaskiya ta rage. Ko dai a bar soson a yadda yake, a yayyanka shi a sake haɗe shi da gam, ko kuma a kwance ƙullin da sinadari a fito da foliyol ɗin da aka yi shi da shi.

Kafin ka zaɓi hanya, duba kayan da za ka samu, domin iri uku ne kuma ba sa shiga tukunya ɗaya. Guntayen sabon soso daga masana'anta da rumfunan masu kushin su ne zinaren harkar: tsabtatattu, busassu, ƙarfinsu bai tafi ba. Tsohuwar katifa ta sha gumi da fitsarin yara da ƙura, wani lokaci da kuɗin cizo a cikinta, kuma tsufa ya cinye mata tsalle. Soson firji kuwa ba ya lanƙwasa, ramukansa a rufe suke da iska a ciki, kuma ba ya shiga katifa ko kusa. Mutum zai iya raba na kirki da matacce da hannunsa. Ka matse guntu a tafin hannu ka saki, in ya dawo nan take yana da rai. Ka murza gefensa da babban yatsa, in ya yi gari mai launin ƙasa-ƙasa ya manne maka a fata, rana da damshi sun gama da shi, kada ka biya ko sisi a kansa. Irin wannan ruɓewar ce ke faruwa da takalmin da aka adana a akwati shekara da shekaru, ranar da aka sa shi tafin ya rududduge a hanya, domin yawancin irin wannan tafin ma foliyuretan ne, kuma damshin iska yana kwance ƙullinsa sannu a hankali.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya sayi ko ƙusa. Soso iska ne. Soson katifa na yau da kullum, in ka auna mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, nauyinsa yana tsakanin kilo 15 zuwa 40. Ɗauki mai kilo 20. Motar da ke cin mita goma irin wannan, in ka cika ta maƙil da sakakken soso, kilo 200 kacal ka ɗauko, buhu huɗu na siminti ke nan, amma kuɗin mota cikakke za ka biya. Duk sana'ar soso a kan wannan take tashi ko ta faɗi. Wanda rumfarsa ke kusa da masu kushin, yana tarawa a baro ko a amalanke, ya riga ya ci rabin riba. Wanda zai riƙa ɗauko kaya daga Kawo zuwa Kakuri a mota kullum dole ya samu injin matsewa da zai ɗaure soson tam da igiya, in ba haka ba man fetur zai cinye shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce niƙa kawai. Injin yayyankawa mai wuƙaƙe, wanda masu walda na Panteka ke iya ƙerawa, ya mayar da guntayen ƙanana, a ɗura a buhu a sayar wa masu filo da matasan kujera, ko mutum ya ɗinka filon da kansa, tunda teloli a Kasuwar Barci ba su da wuyar samu. Jarin kaɗan ne, ba sinadari, ba wuta sai ta injin. Amma ribar ma kaɗan ce, kowa na iya shiga, kuma filon soso yana dunƙulewa in guntayen sun yi girma. Masu hali sun koma filon zaren roba, tsofaffinmu kuma har gobe audugar rimi suka fi so. Ni ina ɗaukar wannan a matsayin makaranta. A nan ne za ka san wanda ke da kaya, nawa yake tarawa a mako, da wanda ke zuba maka tsumma da ƙusa a tsakiyar buhu.

Sake haɗewa shi ne inda sana'ar take da gaske, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ana niƙa soson ya zama guntaye kamar santimita ɗaya ko biyu. A zuba a babbar ganga mai juyawa, a riƙa fesa masa gam yana juyawa har kowane guntu ya samu rabonsa. Gam ɗin shi ma foliyuretan ne da aka bari bai gama haɗuwa ba, kuma yawanci wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin soson ake sawa, wani lokaci a ƙara in ana son bulo mai ƙarfi sosai. Daga nan a juye a akwatin ƙarfe, a sauko da murfi a danne shi zuwa tsayin da ake so, sannan a tura tururi ta ƙananan ramukan da ke jikin akwatin. Tururin ne ke ƙarasa haɗuwar gam ɗin cikin 'yan mintuna. A buɗe, a fito da bulo mai zafi yana hayaƙi, launinsa barkatai, fari da shuɗi da ruwan hoda, a bar shi ya bushe, sannan a yanka shi falle-falle da injin wuƙa. Duk wanda ya taɓa zuge zif ɗin katifar masu ciwon baya ya ga wannan soson mai dabbare-dabbare a tsakiya, da lallausan soso a samansa. Shi ne.

Kyawun wannan hanya shi ne kai ke zaɓar nauyin abin da za ka fitar. Iya yadda ka danne, iya taurin da za ka samu, daga kilo 60 a kowace mita har zuwa 200. Idan akwatinka mita biyu ne tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi, kuma kana son nauyi 80, kilo 160 na haɗi za ka zuba, wanda kusan kilo 15 a ciki gam ne. Ka ga ke nan soson da ya cika ɗaki ya koma bulo ɗaya da mutum uku za su ɗaga, kuma matsalar kuɗin mota ta juye ta zama a gefenka. Kasuwarsa a Kaduna a buɗe take: masu katifar ciwon baya, masu gyaran kushin babur da Keke Napep da motocin haya, waɗanda ke son abin da ba zai lotse a wata uku ba, shimfiɗar ƙarƙashin kafet a masallatai da ofisoshi, tabarmar motsa jiki ta makarantu. A Amurka mafi yawan abin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet irin wannan soson ne. Kuma ragowar da ka yanke daga bulonka ma tana komawa cikin injin niƙa, ba abin da ke zubewa.

Sai dai ba na son kowa ya shiga da ido rufe. Gam ɗin nan yana ɗauke da aisosayanet mai rai, kuma shaƙar sa yana jawo asma irin wadda in ta kama mutum, ko ɗan ƙanshinsa ya ji daga baya ƙirji ya toshe. Takunkumin yadi da muka saba da shi lokacin hunturu ba ya tare shi. Mai fesawa da mai buɗe akwati suna buƙatar takunkumi mai matatar sinadari, da safar hannu, da rumfa mai shan iska ta kowane gefe. Yaran da ake ɗauka koyon aiki su ne aka fi turawa wannan wurin, kuma alhakinsu yana wuyan maigida. Na biyu, gam ɗin yana daskarewa da damshi, don haka gangar da aka bari a buɗe a watan Agusta ta zama dutse, kuɗinka ya tafi. Jiƙaƙƙen soso ma yana sa gam ya kama tun a cikin ganga kafin a kai ga dannewa. Na uku, tukunyar tururi. Akwati da ganga da injin niƙa, a ba masu walda su ƙera, sun iya. Amma tukunyar da za ta riƙe tururi mai ƙarfi, in babu agogon auna matsi da bawul mai sakin iska da kansa, bam ce aka ajiye a tsakiyar unguwa. Wanda bai da kuɗin ta kirki yana iya yayyafa ruwa kaɗan a haɗin ya bar bulon a danne ya kama da kansa, zai ɗauki sa'o'i maimakon mintuna, amma zai kama. Na huɗu, gobara. Tulin niƙaƙƙen soso a busasshiyar iskar hunturu, kusa da janareta ko mai walda, ba ya buƙatar fiye da tartsatsi ɗaya.

Akwai kuma batun amana, wanda ya fi damuna. Tururi yana kashe kuɗin cizo da ƙwansa, amma ba ya mayar wa tsohon soso ƙarfinsa, kuma ba ya cire warin da ya shige shi. Wanda ya cika bulonsa da matacciyar katifa ya lulluɓe da sabon yadi mai sheƙi ya sayar wa mahaifin amarya a matsayin sabuwa, ya ci haram, kuma ya ɓata wa duk masu sana'ar suna. Tsohon soso mai rai yana da wurinsa, a wanke shi, a shanya shi ya bushe sarai, a sa shi a shimfiɗar ƙasa ko kushin mota, a kuma gaya wa mai saye abin da ke ciki. A ƙara kula da soson tsofaffin kujerun gwanjo da suka fito daga ƙasashen waje, musamman Amurka. Kafin 2005 an riƙa zuba wa irin wannan soson wani sinadarin hana kama wuta na dangin buromin, wanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa cikin jerin abubuwan da aka haramta a 2009 saboda yana taruwa a jikin mutum ba ya fita. Ba za ka gane shi da ido ba. Abin da za ka iya shi ne kada irin wannan ya shiga filo ko katifar yara.

Akwai wata hanya ta tsakiya, a niƙa soson ya zama gari mai laushi ƙwarai a zuba shi cikin foliyol lokacin yin sabon soso. Tana buƙatar injin niƙa na musamman, kuma mai sayen garin masana'anta ce kawai, wadda ita ma tana da nata guntayen. Ban ga abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai samu a nan ba.

To, sai hanyar sinadari, wadda ita ce ke ɗaukar hankalin duk wanda ya karanta ilimin haɗa sinadarai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko a Jami'ar Ahmadu Bello. Kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Foliyol da TDI daga waje ake shigo da su da dala, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kowa ya ga yadda farashin katifa ya yi tsalle. Muna da masana'antun soso tun da daɗewa, Vitafoam tun 1962, Mouka kuma da ta samo asali a Kano tana da masana'anta a nan Kaduna. Wanda ya iya fito da foliyol daga bola, a tunanin farko, ya samu rijiyar dala a bayan gidansa.

Ga yadda ake yi a hanyar da ta fi yaɗuwa. Ana zuba wani ruwan sinadari mai suna gilaikol, yawanci nau'in da ake kira dayetilin gilaikol, a tukunyar ƙarfe marar tsatsa mai abin motsawa, a ɗora shi ya kai digiri 180 zuwa 220, a sa sinadarin hanzartawa, a kore iskar da ke ciki da naitirojin don kada ya ƙone. Sai a riƙa zuba niƙaƙƙen soso kaɗan-kaɗan yana narkewa a ciki. Gilaikol ɗin yana shiga tsakanin ƙullin ya tsinka shi. Bayan wasu sa'o'i soson ya ɓace, abin da ya rage ruwa ne mai duhu. In an tsara haɗin da kyau yakan rabu gida biyu idan ya huce, foliyol a sama, ragowar gilaikol da sauran tarkace a ƙasa. Akwai 'yan uwan wannan hanya, mai amfani da tururi mai tsananin matsi, da mai amfani da asid, amma manufar ɗaya ce. Kuma ba mafarki ba ne. A 2021 kamfanin Dow da abokin aikinsa Orrion sun buɗe masana'anta a garin Semoy na Faransa da aka tsara ta cinye katifa har 200,000 a shekara, kamfanin Covestro kuma ya kafa ta gwaji a Leverkusen, garin da aka haifi abin.

Amma a lura da abin da aka gina waccan masana'anta ta Faransa a kansa. A can, duk wanda ya sayi katifa akwai ɗan kuɗi da aka ɗora kan farashin, da shi ake biyan masu tattara tsofaffi, su feɗe su, su raba soson da yadi da ƙarfe, su kai shi a matse. Tukunyar tana samun kaya iri ɗaya kullum, wuta ba ta ɗaukewa a tsakiyar dahuwa, kuma kamfanin da zai sayi foliyol ɗin yana cikin yarjejeniyar tun farko. Mu a nan babu ko ɗaya daga cikin ukun da ke zaune. Riƙe tukunya a digiri 200 na tsawon sa'o'i da dizal kaɗai ya isa ya haɗiye ribar. Gilaikol ɗin shi ma da dala ake sayo shi. Foliyol ɗin da ya fito ba ya maye gurbin sabo gaba ɗaya, wani kaso kawai ake sawa a haɗi, kuma sau da yawa ya fi dacewa da soso mai tauri fiye da na katifa.

Babban shingen shi ne awo. Mai haɗa soso a masana'anta yana lissafa yawan TDI da zai zuba bisa wata lamba da ke nuna yawan hannayen da foliyol ke da su na kamawa, da yawan ruwan da ke cikinsa. In lambar ta kauce kaɗan, bulon ya tsage, ko ya rufta, ko ya ƙone daga ciki. Gangar da aka dafa daga katifu goma na kamfanoni daban-daban, yau lamba kaza gobe kaza, babu injiniyan da zai zuba ta a injin da ke fitar da bulo na miliyoyin naira. Dole kowace dahuwa ta bi ta ɗakin gwaji, kuma wannan ɗakin kansa jari ne.

Sannan ga guba. Idan soson TDI ya kwance, wani ɓangarensa yana komawa wani amin da ake kira TDA, wanda ke cikin sinadaran da ake zargi da jawo ciwon daji, kuma yana ratsa fata. Yana taruwa a ruwan ƙasan nan mai duhu. Ina za ka zubar da shi? In ya bi kwata, Kogin Kaduna zai nufa, kogin da ake noman rani a bakinsa kuma ake kamun kifi a cikinsa. Shi kansa dayetilin gilaikol ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, kuma yana kashe ƙoda. Shi ne ya shiga wani maganin fitar haƙoran jarirai a ƙasar nan a 2008 ya kashe yara fiye da 80. Ganga guda ta wannan ruwan a rumfar da yara masu talla ke shiga neman inuwa, ban yarda da ita ba ko nawa za ta kawo.

Wannan bai sa in ce a manta da hanyar sinadari ba. Ita kaɗai ce ke iya cin soson da ya mutu har ya fara gari, wanda gam ba zai iya ceto ba, kuma ita kaɗai ke rage dalar da muke fitarwa. Amma gidanta ɗakin gwaji ne da harabar masana'anta. Wanda ya karanta fannin kuma zuciyarsa ta kafe a kai, ya fara da tukunyar gilashi ta lita ɗaya a jami'a, ko ya nemi hanyar cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa a Zariya, ya yi aiki da guntayen masana'anta ɗaya tak, waɗanda aka san abin da aka haɗa su da shi. In ya fitar da foliyol mai lamba ɗaya sau goma a jere, a lokacin yana da abin da zai ɗauka ya je ya nuna wa masu masana'anta. Ba da kuɗin adashin mahaifiyarsa zai yi wannan gwajin ba.

Ƙonawa kuwa ba ta cikin zaɓi, ko da yake ita aka fi yi. Soso yana ɗauke da naitirojin a jikinsa, saboda haka hayaƙinsa yana da sayanaid da iskar da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Wanda ke ƙona katifa don ya ciro wayar cikinta yana sayar da huhunsa da na maƙwabta a kan 'yan kilo na ƙarfe, alhali wuƙa da filaya za su yi aikin, soson kuma ya rage masa na sayarwa. Gaskiya ne soso yana da ƙarfin wuta kusan na gawayin kwal, kuma murhun siminti mai zafin digiri 1,450 yana iya cinye shi ƙurmus. Amma masana'antun siminti suna Sakkwato da Ashaka da Obajana, ka koma ka sake duba lissafin mota.

Soson firji yana da nasa hukunci. Tsofaffin firji an kumbura sosonsu da iskar CFC, wadda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda tana cinye rufin iska na sama da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, kuma iskar tana nan a kulle a ramukan har yau. Sababbi kuma da saiklofenten aka yi su, wanda ke kama wuta. Ko wanne ne, niƙa shi a rumfa yana sakin abin da ke ciki. Abin da ya fi shi ne a ciro shi a manyan falle ba tare da an farfasa ba, a sayar wa masu haɗa akwatin ƙanƙara da masu kifi da nama da ke neman abin da zai riƙe sanyi. A nan ba ka kashe wuta ba, ba ka sayi gam ba, kuma soson yana ci gaba da aikin da aka yi shi dominsa.

Idan ƙanena ne ya zo da kuɗinsa yana neman shawara, zan ce ya kama rumfa a inda baro zai kai shi wurin masu kushin, ya fara da injin niƙa da sikeli, ya yi wata shida yana sayar da niƙaƙƙen soso yana rubuta kilo nawa ke shigowa a mako. In ya ga yana tara kilo 160 na tsabtataccen kaya ba da wahala ba, to bulo ɗaya ke nan, sai ya duba ko adadin bulon da zai samu a wata zai biya haya da dizal da gam. Kafin ya ba da aikin akwati, ya zaga wurin masu katifa da masu kushin Keke ya tambaye su tsawo da faɗi da taurin da suke saye, domin girman akwatin daga bakinsu zai fito. Ya kuma leƙa hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, tun kafin maƙwabta su kai ƙara kan tururi da wari. Idan bulon farko ya fito, ya yanko ɗan guntu mai santimita 10 tsawo, 10 faɗi, 10 tsayi ya ɗora a ƙaramin sikeli. Giram 80 yana nufin nauyi 80, giram 100 nauyi 100. Ya yanko ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa. In sun yi kusa da juna kuma ya ja da hannu bai ga guntaye na zubowa ba, ya ɗauki samfurin ya tafi wurin mai saye. In na ƙasa ya fi na sama nauyi sosai, zubin ne bai daidaita ba, sai a baje haɗin da kyau a akwati kafin a sauko da murfi a bulo na gaba.